Sunan Da Ba Mu Canza Ba

A Jidda, hawa na uku, unguwar Karantina,
akwatin intanet ɗinmu ya tsufa.
Shekara shida yana zaune kan firji
yana ƙifta koren ido kamar kyanwa.
Kuɗin wata na hawa, gudu na raguwa,
fuskar jikata a Gusau takan daskare,
rabin dariya ya iso,
rabi ya kwana a hanya.

Na ce za mu sauya kamfani.
Zulai ta ɗago kai daga littafi:
"Baba, Talata ce jarrabawata,
minti casa'in, kuma ta intanet.
In ya yanke, shekara ta zube."
Mudassir bai ce komai ba,
ya dai kalli kwalaben turarensa
da masu saye ke ciniki ta waya.

Na ce ku kwantar da hankalinku.
Wa ke zubar da ruwan tulu don ya ji tsawa?
Shekara ashirin ina tuƙi a titin Madina,
ban taɓa barin layina ba
sai na hango gurbi a na kusa.
Na biya tsohon har ƙarshen wata,
riyal ɗari biyu da suka yi mini zafi,
sannan na kira sabon.

Lahadi bayan la'asar ya zo,
Mu'utasim, mutumin Wad Madani,
da tsani a kafaɗa, da Hausar maƙwabta a baki:
"Sannu, Alhaji. Lafiya lau?"
Ya zaro waya siririya kamar zaren ɗinki,
ya bi da ita ta gefen taga,
gumi na ɗiga daga haɓarsa.
Na ba shi shayi, ya bar shi ya huce.

Akwati biyu kan firji ɗaya.
Tsoho na aiki, sabo na koyon numfashi:
ja, ja, ruwan goro,
kore.

Sai ya ce, "Wane suna za a sa?
In ka bar na da, da lambar sirrin da,
wayoyinku ba za su san an yi ƙaura ba.
Za su shigo kamar gidansu."

Na yi shiru.
Ita ta raɗa sunan, ranar da aka kawo na farko,
tana dariya, hannunta duk kullu:
Gidan Hansatu.
Lambar sirrin kuwa ranar da muka sauka Jidda
da akwati ɗaya da buhun kuka.
Shekara biyu ke nan
da muka rako ta, muka dawo mu kaɗai.

Na faɗa masa harafi harafi.
Ya rubuta, bai tambaye ni ko wace ce ba.

Ya ce a zare tsohon.
Zulai ta riƙe waya, tana magana da Gusau.
Na sa hannu, na ce bismillah, na zare.
Jikata na tsakiyar ba ni labarin akuya,
ba ta tsaya ba,
ko kalma ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Mu'utasim ya duba allonsa, ya ƙirga.
"Waya huɗu sun shigo, Alhaji.
Ku uku na gani a gidan."

Ban amsa ba.
Tana cikin durowa, ƙarƙashin mayafi mai ruwan toka.
Duk Juma'a nakan sa mata caji,
ban san dalili ba, ban kuma fasa ba.
Ta ji an kira sunan gida,
ta shigo tare da mu.

Talata ta zo, ta wuce lafiya.
Laraba na naɗe tsohon akwatin da wayarsa,
na goge ƙurar da ya bari kan firji,
na kai musu, suka ba ni rasit.